Bayan Dashen Ƙashi a Dasashi: Kula da Ciwo da Kumburi

Kumburin yakan kai maƙura a rana ta 2 ko ta 3, don haka kada hankalinku ya tashi. A awa 48 na farko, ku naɗe ƙanƙara cikin tawul, ku ɗora a kumatu minti 20, ku huta minti 20. Na san mun saba da gashi da ruwan zafi, amma a wannan lokacin ƙara kumburi yake yi. Ku ɗaga kai da matashi biyu in za ku kwanta, ku sha magani yadda likita ya tsara.

Wajen abinci, kunu mai sanyi da fate sun wadatar. Goro, kilishi da taba kuwa, a haƙura tukuna. In akwai zazzaɓi, mugunya ko ciwon da ke ƙaruwa bayan kwana 3, ku koma asibiti.