Kafin Ka Nemi Digiri na Biyu a Harkar Kuɗi

Fara gyara lissafinka, domin a nan ɗalibai suka fi shan wuya. Tun zangon farko za a haɗa ka da ƙididdiga, da kimanta darajar kamfani, da auna kasadar zuba jari. Wanda ya karanta shari'a ko tarihi zai iya, amma ya ware 'yan watanni ya zauna da aljabara da Excel kafin a buɗe makaranta.

A Ingila yawanci shekara 1 ake yi, ba sararin numfashi. A Najeriya kuwa sai ka nuna takardar bautar ƙasa ta NYSC. Idan bankin Musulunci ne burinka, irin su Jaiz, Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya ta musamman kan fannin.

Kundin bincike shi ne ƙashin bayan digirin, kuma ina roƙonka kada ka bar shi sai ƙarshe. Zaɓi batun da alƙalumansa ke samuwa, kamar rahotannin Babban Bankin Najeriya ko na kamfanonin kasuwar hannun jari ta Najeriya, ka kai wa malamin da zai duba ka tun da wuri.