Burodin Ayaba Ba Ƙwai Ba Madara: Zaƙi Daga Itace, Ba Daga Buhu Ba

'Yan'uwa mazauna Libreville, idan kuka ratsa kasuwar Mont-Bouët ko ta Nkembo da yamma, za ku ga ayabar da ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, an ware ta gefe ana karya kuɗinta. Ita ce jigon wannan darasi. Yayin da ayaba take nuna, sitacin cikinta yana rikiɗa ya zama sukari, shi ya sa mafi nuna ta fi zaƙi. A cikin kwaɓi kuwa tana yin aiki uku: ta zaƙaƙa shi, ta riƙe shi kamar ƙwai, ta ba shi laushi kamar madara. Don haka burodin ya dace da wanda jikinsa ba ya karɓar ƙwai ko madara, da gidan da ke son rage sukari.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini. Ga babba, wannan kimanin giram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12. Lemon gwangwani ɗaya mai santilita 33 kan ɗauki kusan giram 35.

Kayan haɗi

Ayaba mai zaƙi nunanniya, manya 3. Fulawa giram 250. Man gyaɗa babban cokali 5. Garin tashin kek, wanda masu shago ke kira levure chimique, ƙaramin cokali 2. Abarba ko mangwaro yankakke rabin kofi. Gogaggiyar kwakwa babban cokali 3. Kirfa ƙaramin cokali 1. Garin citta rabin cokali. Gishiri ɗan ƙyas.

Yadda ake yi

Ku wanke hannu da sabulu, ku wanke 'ya'yan itacen kafin yankawa. Ku dame ayabar har ta yi sumul, ku zuba mai. A wani kwano ku tankaɗe fulawa da garin tashi da kayan ƙamshi da gishiri. Sannan ku haɗa su, ku juya kaɗan, iyakar farin gari ya ɓace. Yawan juyawa yana sa burodi tauri. Ku tsane ruwan abarbar kafin ku saka ta tare da kwakwa, in ba haka ba tsakiyar za ta yi danƙo.

Ku shafa wa gwangwani mai, ku zuba kwaɓin, ku gasa a zafin digiri 180 na minti 50 zuwa 60. Wanda ba shi da tanda ya shimfiɗa yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ya ɗora gwangwanin, ya rufe, ya sa wuta kaɗan a ƙasa da garwashi a kan murfi. Ku soka wuƙa a tsakiya: in ta fito a bushe, ya gasu.

Abin lura

Zaƙin ayaba ma sukari ne, fulawa kuma tana ɗaga sukarin jini. Mai ciwon sukari ya tsaya ga yanka ɗaya siriri, kada ya haɗa da shayi mai sukari, ya kuma ci gaba da maganinsa da awon jini. Wannan burodi abinci ne, ba magani ba. Wanda gyaɗa ke yi wa illa ya canza mai.

Damshin Libreville yana saurin kawo fumfuna. Ku bari ya huce sarai kafin rufewa, ku cinye cikin kwana 2, ko ku sa a firji. Wanda ya yi fumfuna a zubar da shi duka, kada a yanke gefe a ba yara sauran.