Motar da ke danna hon da tsakar dare

Tun da damina ta kankama, mota huɗu ke nan aka kawo mini da zance iri ɗaya, wai ƙwaƙwalwarta ta ƙone. Ta baya-bayan nan ta wani dattijo ce daga Sanyinna, Peugeot 406, da aka jawo da igiya ta bi ta Shagari da Bodinga har cikin Sakkwato. Labarinsa shi ne, yana kwance wajen ƙarfe biyu na dare sai ya ji hon, ya fito ya tarar fitilun sigina na walƙiya, waifa na share gilashi, ga makulli a aljihun rigarsa. Maƙwabta suka ce iska ce ta shige ta, aka yi hayaƙi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wani mai gyaran wayar mota ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, bai ko ɗauko mita ba, ya yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwa ta ƙone. Aka aika Kano aka sayo wata ta Beljiyam aka ɗaura. Motar da a da take tashi lafiya sai ta ƙi tashi ƙememe.

"Malam, motag ga ta gama yawo ko?" in ji shi.

Na ce, "Baba, ina tsohuwar da aka cire?"

Allah Ya taimaka tana cikin but, naɗe a leda. Na sa hannu a kafet ɗin gefen direba, na ji shi jiƙe sharkaf. Ruwan sama ne ke bi ta robar gilashin gaba da ta tsattsage yana ɗiga a kan soket ɗin ƙwaƙwalwar, ƙafafun soket ɗin duk sun yi tsatsa kore shar. Muka wanke, muka busar, muka mayar da tsohuwar, muka liƙe inda ruwa ke shiga. Mota ta tashi. Kuɗin Kano dai sun tafi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kalmar nan "ƙwaƙwalwa" da ake yi wa kuɗin goro. Motar zamani ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba. Akwai ta inji, akwai ta giya, akwai ta birki, sannan akwai ta jikin mota, wadda ake kira BCM. Ita ke kula da fitilu, da hon, da waifa, da gilasan ƙofa, da kulle ƙofofi, da rimot, a wasu motocin har da tantance makulli. Peugeot na kiran tata BSI, Honda na cewa MICU, a Toyota da yawa kuma tana manne da akwatin fiyus na gefen ƙafar direba. Dukansu suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu murɗaɗɗu, tsarin CAN da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. Saboda haka idan ɗaya ta rasa wuta mai kyau, sai ta rikita sauran, ka ga dashbod ya cika da fitilu kamar gidan biki. Wanda bai san haka ba, da ya ga abu uku sun lalace lokaci guda sai ya ɗora wa BCM laifi. Alhali abu ukun nan sau da yawa wayar ƙasa ɗaya suke rabawa, ita ce ta yi tsatsa ko kusarta ta kwance.

BCM tana mutuwa, ban ce ba ta mutuwa ba. Ruwa na kashe ta, wutar da ta wuce kima na kashe ta, haɗa batir a juye na kashe ta nan take. Amma a motocin da ke zuwa hannuna da wannan zargi, masu lafiyayyar BCM sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Daga batir ake farawa. Zafin da muke sha daga Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40, yana cin batir fiye da yadda masu mota ke zato. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe, idan yana aiki kuma a ga tsakanin 13.5 da 14.7. In ya gaza haka ko ya zarce, to a bar maganar BCM tukuna, a koma kan batir da altaneta. Masu Peugeot su lura, idan aka daɗe ana jin rediyo inji na kashe, motar da kanta take datse wasu abubuwa don ta tanadi batir, har ta rubuta a allo. Wannan ba lalacewa ba ce, ka tayar da inji su dawo. Bayan batir sai wayoyin ƙasa, sai fiyus da rile, sai wayoyin da ke ratsa robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, domin buɗewa da rufewa na shekara ashirin na karya su a ciki roba na lulluɓe. Wanda kuma ke ɗaukar buhunan gero da dawa a mota daga kasuwannin Tambuwal da Kebbe, ya duba aikin ɓera kafin ya zargi kowa.

Sai na'ura. Tun 1996 motocin da aka ƙera don Amurka ke zuwa da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma yawancin motocinmu na Kwatano suna da shi. Amma ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da wayar hannu galibi lambobin inji kawai take karantawa, masu farawa da P. Matsalar jikin mota da B take farawa, ta sadarwa kuma da U. Ko lambar U0140 ta fito, wadda ke nufin an daina jin ɗuriyar BCM, ba shaidar mutuwa ba ce. Mutumin da ka kira bai ɗauka ba, wataƙila cajinsa ne ya ƙare. A gwada ko wuta na isa gare ta, ko ƙasarta na da kyau. A motocin da CAN ke kan rami na 6 da na 14, a cire batir a auna tsakaninsu, ya kamata a ga kusan om 60. Idan batir ke ƙarewa cikin dare, a rufe mota a jira ta yi barci, sannan a auna abin da take ja. In ya wuce miliamfiya 50 sosai, a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa rediyon da aka ɗaura daga baya ne, ko na'urar hana sata da aka yanka waya aka cusa.

Yanzu ga abin da nake so a ji da kunnen basira. A daina cire kan batir inji na aiki wai don a gwada altaneta. A daina. Dabara ce ta zamanin 504 da a-kori-kura, lokacin da babu abin da zai ƙone a mota sai ƙwan fitila. Batir shi ke shanye tsallen wuta. Ka cire shi inji na gudu, altaneta na iya watso wutar da ta ninka bolt 12 sau da yawa cikin ƙiftawar ido, kuma kai tsaye cikin ƙwaƙwalen motar za ta shiga. Wani lokaci ba ranar take mutuwa ba, sai bayan mako biyu, mai mota ya rasa dalili. Na sha ganin yaron gareji ya yi haka ogansa na tsaye yana gyaɗa kai. Mita nawa take? Ba ta kai kuɗin cika rabin tanki ba. Idan ka ga an ɗauko sifana an nufi kan batir motarka na aiki, ka riƙe hannun mai ita, ko da ya girme ka. Haka mai walda, kada ya taɓa jikin mota sai an cire batir. Shi kuma mai naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fiyus, ya sani fiyus mai amfiya 10 an sa shi ne don ya mutu a madadin abin da ya fi shi tsada. Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Ana yaye mai gyaran waya bayan shekaru bai taɓa buɗe taswirar wayoyin mota ba, masu mota kuma sun fi son wanda zai faɗi ciwo cikin minti biyu a kan wanda zai ce a ba shi wuni ya auna.

Idan an bi duk wannan, wuta na shiga, ƙasa lafiya, umarni na isa ga BCM amma ba ta aikatawa, to ta mutu, sai canji. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za a saya, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, lambar da ke jikin takardar tsohuwar za a bi, harafi da harafi. Kama da wane ba ta wane; Corolla biyu 'yan shekara ɗaya na iya bambanta, ta Amurka daban ta Turai daban. A buɗe a duba alamar ruwa, a yi sharaɗin mayarwa kafin a biya. A Peugeot, BSI da ƙwaƙwalwar inji da makulli sun san juna da lambar sirri, abin da ya hana motar dattijon Sanyinna tashi ke nan. Ko dai a sayo ukun tare daga mota ɗaya, ko a kai wa mai na'urar da zai kwafe bayanan tsohuwar ya zuba a sabuwar, shi ya sa ba a yar da tsohuwa ko ta ƙone. Kafin a cire batir a kashe komai a jira kamar minti uku. Kuma a fara toshe inda ruwan ya shigo, in ba haka ba watan Agusta mai zuwa za a sake aikawa Kano.