Yadda Ake Zaɓen Na'urar Rage Zartsin Ruwa Ga Gida Mai Yawan Jama'a

Gidan da ke amfani da ruwan burtsatse yakan gane matsalar tun kafin a sa mata suna: sabulu ba ya kumfa, hita ta yi farin ɓawo ta ƙone, ramukan shawa su toshe, tayil ɗin banɗaki ya yi dabbare-dabbare. Abin da ke jawo haka shi ne sinadaran kalsiyam da magniziyam da ruwa ke narkowa daga duwatsun da ya ratsa a ƙarƙashin ƙasa. Yankunan da ke da dutsen farar ƙasa, irin na Kalambaina kusa da Sakkwato inda ake yin siminti, sun san wannan ruwan sosai.

Na'urar da ke maganin haka ita ce 'yan kasuwa ke kira softena. Sau da yawa matashin gidan da ya iya latsa waya ake ɗora wa aikin nemo ta a intanet, kuma a nan ake asarar kuɗi, domin hotunan duk iri ɗaya ne: dogon tanki, ga durom ɗin gishiri a gefe.

Zartsi iri biyu ne

Duk ruwan da ya ƙi kumfa ko ya yi ɗanɗano a baki, zartsi ake ce masa. Amma akwai mai kalsiyam da magniziyam, akwai kuma mai gishiri. Softena na farkon kawai take gyarawa. A cikin tankinta akwai ƙananan ƙwayoyi kamar gero da ake kira rezin, waɗanda ke kama kalsiyam da magniziyam su saki sodiyam a madadinsu. Idan rezin ya cika, sai na'urar ta wanke shi da ruwan gishiri mai kauri, ya koma aiki. Ruwan da dama gishiri ne ya yi masa yawa, softena ba za ta rage masa komai ba. Wannan aikin na'urar RO ne.

Don haka gwajin ruwa shi ne farko. Ɗan ƙaramin ma'aunin nan mai kamar biro da ake kira TDS ba ya auna zartsi. Jimillar abin da ya narke a ruwa yake nunawa, kuma ko bayan an sa softena lambarsa ba za ta sauka ba, tunda musaya aka yi ba kwashewa ba. Abin da ake buƙata shi ne kayan gwaji na ɗigo, wanda ake ƙirga ɗigon magani har ruwan ya canza launi daga ja zuwa shuɗi, ko a kai samfurin ruwan ɗakin gwaje-gwaje. Sakamakon yana zuwa a miligiram cikin lita. Ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, 120 zuwa 180 mai zartsi ne, sama da 180 kuma ya yi tsanani. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da hukumar SON ta fitar a 2007 ta sa iyakar a 150.

A gwajin a haɗa da ƙarfe. Ruwan da ke barin jan tabo a bokiti yana da shi, kuma ƙarfe yana liƙe wa rezin ya kashe shi da wuri. Irin wannan ruwan sai an sa masa matatar ƙarfe da yashi kafin ya isa softena.

Lissafin girma

A ɗauki misali da gida mai mutum goma sha biyar, da ke shanye lita 1,500 a rana. Sanin wannan adadin ba wuya: a cika tankin sama, a kashe sumo, a duba abin da ya ragu bayan awa 24. Ranar wanki ta fi dacewa da wannan awon. A ce gwaji ya nuna 300. Lita 1,500 sau miligiram 300 ya ba da giram 450 na zartsi da na'urar za ta kama kowace rana.

Lita ɗaya ta rezin tana kama kusan giram 50, idan ana wanke ta da gishiri kamar giram 120. In ana son wanki duk bayan kwana biyar, giram 450 sau biyar ya zama 2,250, a raba da 50, a samu lita 45. Ke nan na'ura mai rezin lita 50 ce ta gidan. Kowane wanki zai ci gishiri kilo 6, a wata kusan kilo 35, wato buhu ɗaya da rabi na mai kilo 25. Wannan kuɗi ne na kowane wata, kuma masu talla ba su cika ambatarsa ba.

Na'urorin da aka yi wa kasuwar Amurka sukan rubuta lamba kamar 32,000 ko 48,000 a ma'aunin giren. Giren ɗaya kusan miligiram 65 ne, don haka 32,000 ya kai kusan kilo 2. Sai dai wannan lambar ana samun ta ne idan an zuba gishiri har iyaka, kusan ninki biyu na wanda aka ambata a sama, ga riba kaɗan. Tambayar da ta fi amfani ga mai sayarwa ita ce: rezin lita nawa ne a ciki?

Inda na'ura mai kyau ke faɗuwa

An ƙera yawancin softena ne don ƙasashen da ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi dare da rana. Kan na'urar, wanda ke sarrafa wanki, yana buƙatar turin ruwa na kusan bar 1.5 zuwa 2 kafin ya iya zuƙo ruwan gishiri daga durom. Tsawon mita 10 ne ke ba da bar ɗaya. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita biyar ko shida rabin bar yake bayarwa. Idan fulamba ya ɗaura softena a ƙarƙashin irin wannan tankin, ruwa zai ɗan ratsa, allo zai nuna an yi wanki, amma gishirin durom ba zai ragu ba, kuma cikin mako ɗaya zartsi ya dawo. Mai gida sai ya ce an sayar masa da jabu, alhali wurin ɗaurawa ne bai yi ba.

Mafita biyu ce. Ko a ƙara ƙaramin injin tura ruwa bayan tanki, ko a ɗaura softena tsakanin sumo da tankin sama, ta yadda ruwan da aka gyara ne zai hau. Ta biyun ta fi arha, amma tana da sharaɗi: rezin lita 50 ba ya son ruwan da ya wuce kusan lita 2,000 a awa. Sumon da ke cika tankin lita 2,000 cikin minti 40 ya fi ƙarfinsa, zartsi zai riƙa tserewa. Sai a rage gudun ruwan ko a ƙara girman na'urar.

Sai maganar wuta. Wanki yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma yawancin kawuna daga kamfani an saita su ƙarfe biyu na dare. A lokacin sumo a kashe yake, wuta ma wataƙila babu. Dole a mayar da lokacin zuwa sa'ar da ake jan ruwa, ga masu sola kuwa tsakar rana.

Kai mai aiki da agogo yana wanki ko an yi amfani da ruwa ko ba a yi ba. Mai mita yana ƙirga litoci, shi ne ya dace da gidan da yau mutum goma, gobe baƙin biki sun cika shi. Akwai kuma na hannu, da ake murɗawa mataki-mataki, ba ruwansa da wuta. Ga gidan da ke da mai kula tsayayye, wannan ba abin rainawa ba ne. Fleck da Clack da Runxin su ne sanannun sunaye a wannan fannin, kuma wanda ake samun kayan gyaransa a kusa shi ya fi. Masu Wi-Fi da ke turo saƙo a waya idan gishiri ya kusa ƙarewa suna da daɗin sha'ani, amma ba su ƙara wa rezin ko giram ɗaya. 'Yan na'urorin maganaɗisu da ake ɗaurawa a jikin bututu kuwa ba sa fitar da kalsiyam daga ruwa. Gwajin ɗigo kafin da bayan sa su lamba ɗaya zai nuna.

Duk miligiram 100 na zartsi da aka cire yana barin sodiyam miligiram 46. A misalin gidan nan, 138 ke nan a kowace lita. Inda akwai masu hawan jini ko jarirai da ake dama wa madara, ya kamata a bar famfon kicin ɗaya da bai bi ta softena ba, ko a sa masa ƙaramar RO. Na'urar ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Ba a ba shuka ruwanta, kuma ruwan gishirin da take zubarwa lokacin wanki a kai shi nesa da rijiya da bishiyoyi. Gishirin da ake zuba mata na ƙwaya ne, mai kamar alewa. Garin gishirin miya yakan dunƙule a ƙasan durom ya toshe bututun zuƙa.