Kogin Kwara

A watan Agusta, sa'ad da damina ta kankama, ƙoramun ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa duk sukan cika maƙil da jan ruwa. Yara masu kiwo sukan tsaya a bakin gaɓa su jefa karan dawa, su bi shi da ido har ya ɓace. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa tambayar inda karan nan za shi.

Tafiyarsa kuwa doguwa ce. Kusa da Funtuwa ne Kogin Sakkwato ya taso. Daga nan ya nufi arewa maso yamma, ya bi ta Gusau, ya shiga madatsar Bakolori, ya gamu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Sa'an nan ya juya kudu, ya wuce Argungu da Birnin Kabi, ya zuba cikin wani kogi wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Ƙoramun da suka gangara kudu kuma Kogin Kaduna ne ke kwashe su, shi ma can yake kai su. Wannan babban kogi shi ne Kwara.

Tsawon Kwara ya kai mil 2,600, watau wajen kilomita 4,180. A Afirka duka, Nilu da Kwango kaɗai suka fi shi tsawo. Mafarinsa yana cikin duwatsun ƙasar Gini, wajen mil 150 tak daga teku. Amma maimakon ya gangara teku nan kusa, sai ya ba ta baya, ya nufi hamada. Ya bi ta Bamako da Segu, ya yi kusa da Tambutu, sa'an nan ya lanƙwasa kamar baka, ya biyo ta Gawo da Yamai, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kabi. Ya wuce Yawuri da Jeba, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya wuce Anaca, daga ƙarshe ya rarrabu kashi kashi ya faɗa teku. Kowace al'umma da sunan da take kiransa. Mutanen Mali suna ce masa Joliba, Zabarmawa da mutanen Sanwai suna cewa Isa Ber, watau babban kogi, Hausawa kuwa suna cewa Kwara.

Wani abin mamaki shi ne, a Yawuri kogin nan sau biyu yake kawowa a shekara. Na fari yana zuwa da damina, ruwan gurɓatacce, gama ya ɗauko ƙasar gonaki. A cikinsa ne ruwan Faskari yake. Na biyu kuwa sai da hunturu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Wannan ruwan Gini ne. A ƙasar Mali yakan malala cikin wata irin fadama mai faɗin gaske, ya daɗe yana tafiya sannu sannu, ya zubar da laka, don haka sai ya iso a makare, garau da shi.

Manyan daulolin Afirka ta Yamma a bakin kogin nan suka girma, domin shi ne hanyarsu, shi ne rumbunsu. Gishiri ya zo daga hamada a kan raƙuma, a ɗora shi cikin jirgi. Zinariya da hatsi su zo daga kudu. Sarkin Sanwai, Sonni Ali, yana da rundunar jiragen ruwa, ya kuwa ci Tambutu a 1468. Askiya Muhammadu, wanda ya hau sarauta a 1493, a Gawo ya zauna. Shaihun malamin nan Almagili, bayan ya sauka Kano da Katsina, wurinsa ya tafi. Fataken Katsina da Kano masu zuwa Gwanja sayen goro su ma tilas ne su ƙetare Kwara, su da jakunansu. Nan sai attajiri ya ajiye girman kai ya bi umarnin mai jirgi.

Mutanen nesa sun daɗe suna gardama a kan kogin. Ibn Baɗuɗa, matafiyin Maroko, ya gan shi a 1352, har ya shiga jirgi daga Tambutu zuwa Gawo, amma ya ɗauka Nilu ne. Waɗansu masanan Turai suka ce yamma yake gudu. Waɗansu suka ce a cikin yashi yake ƙarewa. Sai aka aiko wani likita mutumin Sikotilan, sunansa Mungo Park. A watan Yuli na 1796 ya iso Segu a gajiye, ya ga ruwa yana gudu gabas. Ya koma gida ya rubuta littafi. A 1805 ya dawo da niyyar bin kogin har ƙarshensa, amma a farkon 1806 jirginsa ya gamu da duwatsun Busa, nan ya halaka. Kyaftin Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 yana tambayar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello labarin kogin, ya sake dawowa, ya mutu can a 1827. Baransa ne, Richard Lander, shi da ƙanensa John, suka shiga kwalekwale a Busa a 1830, suka bi ruwa har teku.

Malam Nuhu Bamalli ya rubuta labarin likitan nan da Hausa, a littafin da ake kira Mungo Park Mabuɗin Kwara. Littafi ne mai daɗi. Amma ya kamata mai karatu ya tuna, ga Turawa ne kogin yake a kulle. Sarkawa masunta, da Gungawan Yawuri, da Nufawa masu tuƙin jirgi, sun san kowane dutse da kowane gurbi na yankinsu tun kaka da kakanni, sai dai ba su rubuta ba.

Waɗanda suka rubuta kuwa suna nan. A Tambutu, wajen 1655, Abdurrahman Assa'adi ya wallafa Tarihus Sudan da Larabci, labarin garuruwan bakin kogi da sarakunansu da malamansu. Ba domin irin wannan littafi ba, da yawancin abin da aka sani na Sanwai ya ɓace. Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya ambaci yadda mayaƙa suka ƙetare kogin zuwa Gurma a cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. A zamanin baya bayan nan kuma, a 1966, Chinua Achebe ya rubuta wa yara labari da Turanci, Chike and the River, na wani yaro a Anaca wanda ba shi da buri sai na shiga jirgin fito ya ga ƙetaren Asaba. Duk yaron da ya taɓa jefa kara a ƙorama zai gane abin da ke cikin zuciyar Chike.

Ƙasar nan ma daga kogin ta sami suna. Turawa suna kiransa Neja. A 1897 wata mai rubutu a jaridar London, Flora Shaw, ta ba da shawara a kira ƙasar Nijeriya. A Lakwaja aka kafa tutar Ingila ran 1 ga Janairu, 1900, aka haɗa Arewa da Kudu a 1914. Jamhuriyar Nijar ita ma sunan kogin take amsawa. Wanda ya dubi tambarin Nijeriya zai ga baƙar garkuwa da farin zane mai rassa biyu a tsakiya. Wannan Kwara ne da Binuwai, da mahaɗarsu.

A 1968 aka gama madatsar Kainji don samar da lantarki. Tafkin da ya taru ya shanye tsohon garin Busa, tare da duwatsun da suka ci Mungo Park, aka gina wa mutane sabon gari a tudu.

An ce kogi ba ya ƙin ƙari, amma akwai ƙarin da ke cutarsa. In aka sare itatuwan daji a Faskari ko Sabuwa, ruwan sama ba ya samun abin da zai riƙe shi. Sai ya kwashe ƙasar gona mai albarka, ya yi zaizaya, ya tafi da ita. Manomi ya yi hasara a nan. Can gaba kuma yashi ya cike madatsu da cikin kogi, ruwa ya rasa wurin zama ya haura gaɓa. A 2012, da kuma 2022, Kwara da Binuwai suka yi ambaliya, gidaje da gonaki suka nutse a Lakwaja, har hanyar mota ta zuwa Abuja ta yanke, matafiya suka yi kwanaki a bakin ruwa suna jira ya janye.