Amfanin Zuba Jari A Kabad Ɗin Kicin Na Musamman

Masu gina gidajen haya da na sayarwa a Legas, Abuja da Fatakwal kan kashe kuɗi masu yawa wajen ƙawata falo, su bar kicin da 'yan kantoci marasa ƙarko. Wannan kuskure ne ta fuskar kasuwanci, domin kicin na daga cikin wuraren da uwargida ke fara dubawa kafin iyali su amince da farashin gida.

Kabad iri biyu ne: akwai wanda ake saye a haɗe daga shago, akwai kuma wanda kafinta ke aunawa ya ƙera daidai da ɗakin. Na farko ya fi araha, amma da wuya ya dace da bango. Giɓin da yake bari kan zama maɓoyar kyankyasai da ɓeraye. Na biyu kuwa yana cike kowane lungu, yana kuma ware wa buhun shinkafa, manyan tukwane da tukunyar gas wurinsu.

Ƙarkon aikin ya dogara ne da kayan da aka yi shi da su. Katakon iroko da na maɗaci suna jure wa gara, amma dole ne a tabbatar sun bushe sosai. Ɗanyen katakon da aka ɗauko daga Sapele ko Benin kan tsage ko ya lanƙwashe da zarar iskar hunturu ta buge shi a Abuja. Allon MDF yana da santsi da sauƙin kuɗi, sai dai yakan kumbura idan ruwa ya shige shi. Saboda haka, a ƙarƙashin famfon wanke-wanke, filawud mai jure ruwa ne ya dace, musamman a garuruwan gaɓar teku masu yawan laima.

Ma'aunin da aka saba da shi shi ne tsayin santimita 90 da faɗin santimita 60 ga kabad na ƙasa. Allo mai kaurin milimita 18 ya fi ɗaukar nauyi, musamman idan za a ɗora dutse a samansa.

Farashin kayan yana bin darajar naira, tunda ana shigo da yawancin alluna da ƙarafunan ƙofofi daga waje. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sanya kayan ɗaki da filawud cikin kayayyaki 41 da ya hana wa kuɗin musaya na hukuma, kuma sai a 2023 ya ɗage wannan hani. Don haka ya kamata mai aiki ya zagaya kasuwanni kamar Mushin a Legas ko Dei-Dei a Abuja, ya ji farashi da kunnensa.

Har ila yau, wajibi ne a rubuta yarjejeniya da kafinta wadda za ta bayyana irin katako, kaurinsa, ranar kammalawa da yadda za a biya kuɗi kashi-kashi. Kada a biya kason ƙarshe sai an gwada kowace ƙofa da aljihu.

A wajen lissafi, abin dubawa shi ne yawan shekarun da kabad zai yi yana aiki. Wanda ake sauyawa duk lokacin da ɗan haya ya tashi yana cin kuɗin kaya da na kafinta, ga kuma asarar kuɗin haya na watannin gyara. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.