Darasi: Ruwan da bai sauya launi ba da cutar da ta daina jin magani

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa Ya sanya shi abin tsarkakewa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya zauna gaban malami da Ahalari ko Risala ya san hukuncin ruwa a mazhabarmu ta Malikiyya. Ana duban launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, idan najasa ba ta sauya ko ɗaya daga cikinsu ba, to, ruwan yana nan bisa tsarkinsa. Wannan hukunci ne na ibada, kuma yana nan daram. Sai dai ingancin alwala da ruwa dabam, lafiyar shansa dabam, domin ruwa yakan zamo garau a ido alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, cikinsu har da waɗanda suka daina jin magani.

Maganin da muke nufi shi ne wanda likitoci ke kira antibiyotik, irin su amoksisilin da ake ba yaro idan ƙirjinsa ya kama. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda ƙwayar cutar da ta kama su ta ƙi jin irin wannan magani, kuma gwargwadon yawan jama'a babu inda abin ya fi muni kamar Afirka ta Yamma. Ajali na Allah ne, babu shakka, amma Shi ne kuma Ya hore mana sababi Ya umurce mu da riƙo da shi.

Galibi idan aka tayar da wannan magana, sai a ɗora laifin kan mai tallar magani a faranti da mai saye biyu ya haɗiya ya bar sauran. Laifin nan gaskiya ne. Amma masu bincike sun gano wata ƙofa da ba mu cika dubawa ba, ita ce ta bayan gida. Maganin da mutum ko dabba ya sha ba ya ƙarewa a jiki, wani kaso nasa yana fita cikin fitsari da bayan gida da sauran ƙarfinsa, tare da ƙwayoyin hanji. Idan suka taru a kwata ko kududdufi, maganin ya tsarmu, bai kai ya kashe duka ba, sai ya kawar da masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili. Su kuwa waɗannan halittu, cikin ikon Allah, suna iya ninka yawansu cikin minti 20 idan wuri ya yi musu daɗi. Abin da ya fi ban mamaki, ƙwaya takan miƙa wa maƙwabciyarta sirrin bijire wa magani, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kamar yadda ɗalibi ke miƙa wa ɗan'uwansa allo. Kwata makaranta ce gare su.

A 2019 masana a ƙasar Denmak sun buga sakamakon awon ruwan masai da aka ɗebo daga birane a ƙasashe 60. Suka tarar alamun bijire wa magani sun fi yawa inda tsabtar muhalli da kiwon lafiya suka yi rauni, ba lalle sai inda aka fi shan magani ba.

To, mu dubi garinmu. Kwarin Gunti Yena yana ratsa tsakiyar Yamai, yana kwasar ruwan wanka da na wanki da abin da ya fi su muni, ya juye cikin kogin Isa kusa da gadar Kennedy. A gefensa, da kuma bakin kogi wajen Gamkalle, akwai garake na bayin Allah masu neman halalinsu, kuma da yawa da irin wannan ruwa suke ban-ruwa. Masu bincike na Jami'ar Abdu Mumuni sun auna salatin garake a ƙasar nan, suka sami ƙwayar salmonela mai kawo zawo da zazzaɓi a jikinsa. Ruwan da ya wuce mu kuma bai ɓace ba, yana gangarawa Saga da Kollo da Say har Gaya, inda ƴan'uwanmu ke sha da wanka. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumba ta 2020 a Lamorde da sauran unguwannin Harobanda ba sa bukatar a faɗa musu yadda masai da rijiya ke zama abu guda cikin dare ɗaya.

Yadda abin ke yaɗuwa an gan shi a Maraɗi. Wani bincike da aka buga a 2011, a kan yara 55 da aka kwantar saboda tamowa mai tsanani, ya nuna 17 daga cikinsu sun zo daga gida da ƙwayoyin hanji masu karya manyan magunguna. Cikin yara 16 da suka zo babu su aka kuma sake aunawa, 15 sun ɗauka kafin a sallame su. Mu lura da na farkon, ba a asibiti suka samo ba.

Akwai kuma labarin jihar Dosso, wanda ya fi wuyar hukunci. Daga ƙarshen 2014 aka riƙa ba ƙananan yara maganin azitromisin sau biyu a shekara a yankunan Boboye da Loga, mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100. Alheri ne babba, kuma ba ma ganin akwai uban da zai ƙi shi. Amma bayan shekara uku zuwa huɗu, alamun bijire wa wannan jinsin magani a bayan gidan yaran sun ninka kusan sau 7 bisa na ƙauyukan da ba a ba su ba. Tambayar da ta rage mana ita ce: wannan bayan gida, ina ake zubar da shi?

Nan ne muke komawa ga Sunna. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da yin fitsari cikin ruwan da ba ya gudu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito gargaɗinsa a kan yin bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke zama, cewa suna jawo tsinuwa. Hanin bai jira sai ruwa ya sauya launi ba. A ganinmu, wanda ya buɗe bututun masansa cikin kwata da dare, ko ya jira ruwan sama ya sake shi, ko ya juye fo ɗin yaro a bakin titi, bai tsira daga wannan gargaɗi ba don kawai ba da kansa ya tsuguna a wurin ba.

Kwamitocin masallatai su fara da nasu: ina makewayin masallaci ke zuba, kuma mai motar da muke biya ya yashe shi, mun taɓa tambayarsa inda yake juyewa? A ajiye sabulu kusa da butoci, domin tsarki da ruwa yana kawar da najasa, amma ba ya raba hannu da ƙwayoyin cuta kamar sabulu. Salati kuwa, a gaya wa iyali su wanke shi, su jiƙa cikin ruwa mai ɗigon jabel gwargwadon da ma'aikatan lafiya suka nuna, sa'an nan su ɗauraye. Mai kiwon kaji da mai turkar rago kada su sayar da abin da suka ɗura wa magani sai kwanakin da likitan dabbobi ya faɗa sun cika. Ragowar magani kuma a kai wa mai farmasi ya faɗi yadda za a yi da shi, kada a watsa a masai ko kwata.